Layin Godiyar Da Ƙasimu Bai Rubuta Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyata a wannan shafi. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in ban faɗi inda aka kwana a maganar Ƙasimu ba za ta biyo ni har gida. Zauna abinki 'yar uwa, Nassarawa GRA da faɗi take, kuma maigadinmu ba ya buɗe wa baƙuwar fuska. Ga ni na kawo kaina. Sai dai ku yi min uzuri in kun ji labarin yana rawa, don ni ma tun farkon makon nan ban iya zama wuri ɗaya ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Najla, ni ce autar gidanmu. Ilimin kwamfuta na karanta, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan bayan layinmu. Shekarata ashirin da bakwai, kuma wannan lambar Anti Hafsat, ƙanwar Mami, ta fi ni riƙe ta. Yayyena mata biyu tuni suna ɗakunansu, saura ni, duk bikin da muka je sai an dafa kafaɗata an ce saura naki, kamar ni ce nake riƙe da ranar a jaka na hana ta fitowa.

Abin da ya haɗa ni da Ƙasimu wani wasa ne da ake kira kod golf. Kada sunan ya ba ku tsoro. A wani dandali na intanet ake yin sa. Wani zai kawo matsala ta lissafi, kowa ya rubuta umarnin da kwamfuta za ta bi ta warware ta, wato kod, wanda nasa ya fi gajarta shi ne a sama. Harafi ɗaya-ɗaya ake ƙirgawa, har da waƙafi da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Sai ka ga magidanci da gemunsa da 'ya'yansa ya wuni yana neman yadda zai cire ɗigo guda. Ba kyauta ake bayarwa ba, ba kofi. Sunanka ne kawai zai hau saman shafi, kuma wallahi in ya hau har abinci sai ya ƙara maka daɗi.

Duk gidanmu Abba ne kaɗai ya gane abin. Tun da ya yi ritaya ba ya fashin zuwa filin golf ranar Asabar da safe, shi ya sa ranar da na yi masa bayani ya yi dariya ya ce ashe irin nasu ne, mai ƙaramar lamba shi ne gwani. Mami kuwa danne-danne take ce masa, Anti Hafsat ta ce aikin marasa miji ne.

Wasan yana da wani ladabi guda da nake so ku riƙe, don a kansa maganar yau take. In wani ya nuna maka yadda za ka rage ko da harafi ɗaya ne, sai ka ja layi a kan tsohuwar lambarka, ka rubuta sabuwa, a ƙasa kuma ka sa: an rage kaza, godiya ga wane. Ba doka ba ce, ba wanda zai kore ka in ba ka yi ba. Amma kowa yana yi, daga Bature har Ba'indiye, kuma wanda bai yi ba an san irinsa.

Ta wannan layin godiyar muka san juna. Shekara biyu ke nan, ina cikin duba amsoshin mutane sai na ga wani suna irin namu a tsakiyar sunayen da ba na iya furtawa, har ya rubuta Kano a ƙarƙashin hotonsa. Na duba kod ɗinsa na ga inda ya yi ɓarnar harafi biyu, na nuna masa. Kafin in sha ruwa ya gyara, ya rubuta a ƙasa: an rage biyu, godiya ga Najla. Na ɗauki hoton shafin na ajiye a waya, ban san dalili ba a lokacin. Daga nan saƙo ya fara shiga tsakani, na gane a Kawaji yake, yana kula da kwamfutocin wata masana'anta a Dakata. Daga saƙo aka koma sallama a ƙofar gida, har ya zama duk Alhamis da Lahadi bayan la'asar yana zaune a 'yar rumfarmu ta gindin mangwaro.

To a satin da ya wuce aka tsayar cewa magabatansa za su zo ranar Asabar. Ba sai na gaya muku yadda gida ya koma ba. Mami ta sa an sauke labulayen falon Abba an kai wanki, an kira mai gyaran fulawa ya aske shukokin bakin get, Anti Hafsat kuwa ta tattaro kayanta daga Kaura Goje ta tare a ɗakin baƙi, ta ce ba za a yi abin kunya tana raye ba. Ni ce mai abin amma ni ce ba a tambaya komai.

Ana cikin wannan hidimar, ranar Litinin aka saka sabuwar matsala a dandalin. Ga yadda take. An ba mutum tarin ayyuka a jere, kowanne da awoyin da yake ci. Yana da iyakar awoyin da zai iya aiki a rana, kuma ba ya fara aikin da ba zai gama shi a ranar ba, sai ya bar shi gobe. Kwana nawa ne mafi ƙaranci da zai gama duka? Da ganin matsalar na ce wannan ai gidanmu aka leƙo aka rubuta.

Kafin azahar Ƙasimu ya saka tasa amsar, ya matse ta zuwa harafi saba'in da ɗaya, ya hau saman duk masu rubutu da yaren Python. Na karanta na jinjina masa, don ya matse ta sosai. Amma wani abu a cikinta ya tsaya min a rai. Lissafi biyu yake riƙewa a lokaci ɗaya, ɗaya na kwanakin da suka wuce, ɗaya na awoyin da aka ci a yau. Na wuni ina juya abin, ina aji ina koya wa yara amma rabin kaina yana can.

Ranar Talata muna kicin ana suyar dubulan, hayaƙin mai ya cika ko'ina, ni ina ta jerawa a robobi Anti Hafsat tana ƙirgawa. Tana riƙe da yawan robobin da suka cika a ka, tana kuma ƙirga na cikin robar da ke gabanta da baki. Waya ta shigo mata, tana gama amsawa duk lissafin ya zube, ta hau faɗa wai mu ne muke mata surutu. Na ce mata ta daina wahalar da kanta da lissafi biyu, ta ƙirga dubulan ɗin gaba ɗaya, a ƙarshe a raba da abin da roba take ci.

Ina rufe baki hannuna ya tsaya a cikin robar.

Ban ko wanke hannu ba na haye bene a guje, har yanzu akwai maiƙo a madannan laftof ɗina. Ba sai an ƙirga kwanaki daban ba. Awoyi kawai za a yi ta tarawa, in aiki ba zai shiga ragowar yau ba a tsallaka da lissafin zuwa safiyar gobe, a ƙarshe a raba da awoyin rana. Na rubuta, na gwada da duk misalan da aka bayar, ta ci. Na ƙirga haruffan sau uku don ban yarda da idona ba. Sittin da huɗu.

Da rawa na sauko, ɗankwalina a hannu, ina ta faɗin sittin da huɗu kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Mami ta ce lafiya, na yi musu bayani iya yadda za su gane, na ce yanzu zan saka in hau sama. Anti Hafsat ta ajiye matsamin da ke hannunta ta tambayi wa ke saman yanzu. Na ce Ƙasimu.

"Wato mutumin da iyayensa za su zo neman aurenki jibi-jibin nan, shi za ki tumurmusa a gaban duniya?" Ta juya wajen Mami. "Yaya, kin ga abin da nake gaya miki. Boko ya yi wa yarinyar nan yawa."

Na ce ai wasa ne, kuma shi ma zai ji daɗi. Ta ce ba namijin da yake jin daɗin a fi shi, ko a wasan langa ne, wanda ya ce miki yana ji ƙarya yake. In ina da hankali in tura masa a ɓoye ya saka da kansa, in ya so ya san irin matar da zai samu. Mami ba ta ɗago daga kaskon ba, ta ce kawai in ji maganar antina.

Zan gaya muku gaskiya, ban ji zafin shawarar ba. A raina har murmushi na yi, don na san abin da su ba su sani ba. In na ba shi, dole ya ja layi a kan saba'in da ɗaya, ya rubuta godiya ga Najla a ƙasa. Sunana da nasa a wuri ɗaya kamar ranar farko, a satin da za a kawo gaisuwa. Na ga abin ya ma fi hawa sama ni kaɗai daɗi. Na tura masa ta waya, na haɗa da 'yar fuskar nan mai kashe ido ɗaya.

Amsa ta zo nan take. "Kai! Masha Allah." Can kuma wata ta biyo: "Hajiya, kanki yana ja."

Wannan Hajiyar ma sabuwa ce. Tun da aka fara maganar turo magabata ya daina kiran sunana, daga Hajiya sai ranki ya daɗe. Ni kuwa daɗi nake ji, ina ganin girma ne ya ƙaru.

Ranar Laraba tun daga hanyar makaranta nake sabunta shafin. Tsakanin aji da aji in ciro waya, a ɗakin malamai in ciro, har shayina ya huce ban sha ba. Wajen tashi sai ga shi ya canza. An ja layi a kan saba'in da ɗaya, ga sittin da huɗu tana ƙyalli. Na gangara ƙasan shafin. Akwai layin godiya guda, na wani mutumin Brazil da ya rage masa harafi ɗaya tun ranar Litinin, daga saba'in da biyu zuwa saba'in da ɗaya. A ƙasansa babu komai.

Na ce matsalar sabis ce, shafin bai gama buɗewa ba. Na kashe data na kunna. Na fita tsakar makaranta inda sabis ya fi ƙarfi na tsaya a rana kamar mai jiran adaidaita. Shafin yana nan yadda yake.

Loretta, malamar lissafi 'yar Wusasa da muke tebur ɗaya, ita ta janyo ni inuwa ta karɓi wayar ta duba. Ta san wasan, don na sha cika mata kunne da shi. Na ce mata wataƙila mantawa ya yi, hidima ta yi masa yawa. Ta kalle ni ta saman gilashinta ta ce, "Najla, mutumin da yake ƙirga waƙafi ne zai manta da mutum sukutum?"

Na karɓi wayata na kama hanyar gida. Kafin in isa gida mutane sun fara sharhi a ƙarƙashin amsar tasa, wannan ya ce dabarar ta burge shi, wancan ya ce bai taɓa tunanin haɗe lissafin biyu ba. Wani ɗan Japan har ya ɗauki dabarar ya gyara tasa amsar, ya rubuta a ƙasa: an rage biyar, godiya ga Ƙasimu. Wannan layin shi ya fi ci min rai. Na karanta shi ya fi sau goma, ina zagaye ɗakina daga taga zuwa ƙofa.

Alhamis ranar zuwansa ce. Na saka doguwar rigar atamfa ruwan zuma mai ɗinkin hannu a wuya, na yafa mayafi ruwan madara, Anti Hafsat ta tsare ni a ƙofar kicin ta turara ni da turaren wuta har sai da na yi tari. Na same shi a rumfa cikin farar shadda, hularsa zanna bukar a karkace kaɗan, fuskarsa cike da fara'a. Na ajiye masa kunun aya mai sanyi na zauna a kujerar da ke nesa.

Bai ma lura ba. Yana ta ba ni labari wai ya zuba duk hidimar bikinmu a cikin kod ɗin nan, fentin gida, haɗa lefe, ɗinkuna, gwajin asibiti, ya ba kowanne awoyinsa, kwamfuta ta nuna masa za a iya gamawa kafin azumi. Na tambaye shi ko ya saka kwas ɗin da na ce zan yi a farkon shekara. Ya yi dariya ya ce ai na san ƙa'idar wasan, duk abin da za a cire aiki ya ci gaba da tafiya, to ba dole ba ne.

Na bar shi ya sha kunun ayarsa, sannan na ce na ga sittin da huɗu ta hau. Ya ce ai duniya ta gani, har daga Japan ana magana. Na ce na ga ya gode wa ɗan Brazil.

Sai a lokacin ya ajiye kofin. Ba fushi ya yi ba, mamaki ne a fuskarsa, irin na wanda ya yi maka alheri ka zo kana ƙorafi.

"Hajiya, da da yanzu ai ba ɗaya ba ne. Da ke wata ce a intanet, ban san ki ba. Yanzu ke iyalina ce in Allah ya yarda. Mahaifina har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya kama sunan Innata ba, ko a cikin ɗaki. Ta yaya zan ɗauki sunan matata in kafa a shafin da ƙarti dubu suke karantawa?"

Na ce amma dabarar tawa ce.

"Taki ce mana, ni na sani, Allah ya sani. Wa kuma kike so ya sani?" Ya sassauta murya. "Bayan biki ma ai ba sai kin riƙe naki shafin ba. Mu haɗa ƙarfi a nawa, ba wanda zai kamo mu. Sunana ai sunanki ne."

'Yan uwa, da zagina ya yi da na san abin da zan ce. Amma cikin taushi ya faɗa, yana kallona da so, har ga Allah shi girmama ni yake yi. Kuma kada ku ɗauka mugu ne. Lokacin da Abba ya kwanta asibiti bara, Ƙasimu ne yake tashi daga Dakata ya biyo da abinci kullum, bai taɓa nuna gajiya ba. Bai taɓa ɗaga min murya ba. Ina son sa, ban iya ɓoye muku wannan ba. Shi ya sa na rasa inda zan ajiye abin da nake ji, na raka shi bakin get na dawo.

Ranar Juma'a mai lalle ta zo. Ina zaune hannu da ƙafa a miƙe, ba damar motsi, zuciyata kuwa ta ƙi zama. Lallen yana bushewa na lallaɓa da ɗan yatsa ɗaya na buɗe waya, na ce bari in je in kalli tsohon shafin nan na shekara biyu, inda muka fara haɗuwa, ko raina zai yi sanyi. Na same shi. Amsar tana nan, lambar da aka ja wa layi tana nan. Layin godiyar ne babu. A gefe dandalin ya nuna an yi wa rubutun gyara wata ɗaya da ya wuce, daidai satin da ya fara ce min Hajiya.

Ashe komawa ya yi ya goge.

Na buɗe hoton da na ajiye a waya na kalla, an rage biyu, godiya ga Najla. Duk duniya nan kaɗai ya rage. Hawaye ya zubo min, ba hannun sharewa, mai lalle ta ɗauka zafin zama ne ta ce in yi haƙuri an kusa. Anti Hafsat ta shigo ta gan ni, na gaya mata. Ta tafa hannu ta ce wannan ai shi ne so, kishinki yake, mata nawa suke neman mai kishinsu ba su samu ba. Ita mijinta shekara talatin "ke" yake ce mata, kuma ba abin da ya ragu a jikinta. Na kalle ta ina so in tambaye ta ko ta tabbata, sai na mayar da idona kan hoton.

Asabar da hantsi ina ta kai-kawo a baranda Abba ya dawo daga fili, da farar hularsa ta rana da jakar sandunansa. Ya zauna yana cire takalmi ya tambaye ni wa ke kan gaba a namu golf ɗin. Na ce Ƙasimu. Ya ce da nawa, na ce sittin da huɗu.

"Ikon Allah," in ji Abba. "Ni kuwa ranar Talata ina ɗakina na ji wata tana saukowa daga bene tana ihun sittin da huɗu. Na ɗauka a gidan nan aka buga ta."

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafina. Bai ƙara tambayata komai ba. Ya miƙe da takalmansa a hannu, har ya kai ƙofa ya juyo ya ce Baffa Sule, yayansa da ke Gama, shi zai karɓi baƙin, amma kafin a ba su amsa zai hawo ya tambaye ni da bakinsa. Haka ya yi wa yayyena, ni ma haka zai yi min.

Bayan azahar aka shirya ni cikin leshi ruwan hoda, aka ɗaura min ɗankwali har yana ja min kunne, aka ce in zauna a ɗaki kada in sauko. Zama ya gagara. Na gyara gado da yake a gyare, na buɗe durowa na rufe, na leƙa taga ba kowa. Da na rasa abin yi sai na janyo laftof, don tun ina jami'a in raina ya dagule kod nake buɗewa. Na zuba wa sittin da huɗun nan ido, dabarata da ke zaune a ƙarƙashin sunan wani. Ina kallo sai na ga wasu alamomin baka guda biyu da na saka a wajen rabawar ƙarshe, in aka juya lissafin ta ɗaya gefen ba a buƙatarsu, sai dai a ƙara alama ɗaya. A cire biyu a saka ɗaya. Na gwada, ta ci. Sittin da uku.

Daidai nan na ji ƙarar buɗe get. Na leƙa na ga dattawa uku cikin manyan riguna suna shigowa, ana biye da su da huhun goro da katan ɗin alawa, Baffa Sule ya fito yana musu maraba. Motar da ta kawo su ba ta shigo ba, ta tsaya a waje gindin darbejiya. Ƙasimu ne ya tuƙo su, kuma kamar yadda aka saba shi ba zai shiga ba, zai jira a mota har a gama. Daga tagata ina hango shi sarai, ya sauke gilashi, waya a hannunsa.

Na koma gaban laftof. Jan lallen hannuna yana ta kai-kawo a kan madannai. Na buɗe sabuwar amsa da shafina, mai ɗauke da sunana da Kano a ƙarƙashinsa. Na saka kod ɗin, na rubuta sittin da uku. A ƙasa na rubuta gaskiyar abin da ya faru, ban ƙara ba ban rage ba: tsarin farko na Ƙasimu ne, godiya gare shi, dabarar haɗe lissafin biyu tawa ce. Na yi bismillah na tura.

Na dawo taga. Ban daɗe ba na ga ya gyara zama a cikin motar, ya kusanto da wayar fuskarsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago kai ya kalli saman benenmu, ban matsa daga labulen ba.

Wayata ta yi motsi. "Hajiya, don Allah ki goge. Su Kawu suna ciki."

Wata ta biyo: "Za mu yi magana in an gama."

In an gama. Wato in an riga an ba su ni. Na zauna a bakin gado na rubuta na goge, na rubuta na goge, dogayen maganganu masu cike da bayani. A ƙarshe na yi abin da wasan ya koya min, na cire duk abin da ba dole ba, na tura masa abin da ya rage.

"Sunana harafi biyar ne, Ƙasimu. Mayar da shi inda ka goge."

Alamar ya karanta ta fito. Sai waya ta nuna yana rubutu, ta ɗauke, ta sake nunawa, ta sake ɗaukewa.

"Najla."

Abba ne a bakin ƙofa, cikin babbar rigarsa ruwan toka. Duk satin nan a gidanmu ban ji wanda ya kira sunan nan da cikakkiyar murya haka ba, sai da idona ya kawo ruwa. Ya ce baƙi sun gabatar da abin da ya kawo su, Baffa yana jira, me zai ce masa? A bayansa ina jin numfashin Anti Hafsat a kan matattakala, ta biyo shi tana raɗa wai wace irin tambaya ce wannan, ai yarinya ta riga ta amince.

Ban iya dogon bayani ba. Na juyo masa da laftof ɗin, na nuna masa hoton shekara biyu da ke wayata, na nuna masa shafin yadda yake yanzu, da gurbin da layin yake a da, sannan saƙon da na tura. Abba ya ciro tabarau daga aljihu ya karanta a hankali, yana motsa leɓe. Da ya gama ya je taga ya ɗan ɗaga labule ya kalli motar da ke gindin darbejiya.

"Hafsatu," ya ce ba tare da ya juyo ba, "a ƙara wa baƙi dubulan da lemo. A ce wa Yaya Sule ina zuwa."

Na ji saukar Anti da sauri. Abba ya janyo kujerar madubina ya zauna kusa da ni, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Harafi biyar ai ba ya ɗaukar mutum lokaci," ya ce. "Sabunta mana shafin mu gani."

Na danna. Daga ƙasa ana jin ƙarar kofuna da dariyar dattawa. Shafin ya buɗe, gurbin yana nan fayau. Ta tagar ina hango Ƙasimu ya riƙe wayar da hannu biyu, bai rubuta ba, bai kuma ajiye ba.

Abba ya gyara zaman tabarau ya ce in sake dannawa.